Kafin a Ce a Yi Fomat: Yadda Kwamfuta Ta Koyi Komawa Jiya

Mafi yawan kwamfutocin da ake ɗauko wa mai gyara, ƙarfensu lafiya lau yake. Fanka na kaɗawa, faifai na juyawa, allo na kawo haske, amma ta ƙi tashi, ko ta tashi ta sandare, ko ta riƙa jefo shuɗin allo. In ka tambayi mai ita, amsar kusan ɗaya ce: "Wallahi jiya lafiya ƙalau na kashe ta." Gaskiya kuma yake faɗa. Tsakanin jiya da yau wani ƙanƙanin abu ne ya sauya a cikin manhaja. Ko an haɗa sabuwar firinta, ko an ɗora wani shiri daga faifan CD, ko an ɗauke wuta tana tsakar rubutu. Da za a iya maida ta yadda ta kwana, da magana ta ƙare.

Wannan buƙatar ce ta haifar da wata al'ada da yawancin masu kwamfuta ba su san tana gudana a ɗakinsu ba: kwamfuta ta riƙa adana hoton halin da take ciki da kanta, ba tare da an sa ta ba, domin ranar da za a neme shi. Na shiga sana'ar gyara a Kano zamanin Windows 98, don haka a gabana abin ya yi rarrafe, ya miƙe, ya yi ƙarfi, sannan ya fara ja da baya. Ina ganin ya cancanci a ba da tarihinsa, musamman saboda yaran da ke koyon aiki yanzu, waɗanda da an ajiye musu kwamfuta hannunsu ke zuwa kan filashin fomat.

Tushen matsalar ita ce rajista. Tun daga Windows 95, kamfanin Microsoft ya tattara kusan duk bayanan da kwamfuta ke buƙata don ta san kanta a wuri guda: waɗanne na'urori ke jikinta, wace 'yar manhaja ce ke tuƙa kowace, wane shiri ne zai buɗe wane irin fayil, me zai fara aiki idan an kunna. Duk wannan yana cikin fayiloli biyu, System.dat da User.dat. In ɗaya ya gurɓace, kwamfuta ta manta ko ita wace ce. Masu ƙirar sun san da haɗarin, sai suka sa duk lokacin da ta tashi lafiya ta kwafi fayilolin biyu ta ajiye da sunan System.da0 da User.da0. Kwafi ɗaya tak. Rauninsa a fili yake: idan rajista ta ɗan lalace amma kwamfuta ta lallaɓa ta tashi, to a wannan tashin za ta ɗauki mai lalacewar ta danne mai kyau. Mai kwamfuta kuwa, kafin ya yanke shawarar kawo ta shago, ya kunna ya kashe ba adadi.

Windows 98 ta gyara wannan da wani ɗan shiri mai suna ScanReg. Shi kullum, a tashin farko na yini, yake dunƙule fayilolin rajista biyu tare da System.ini da Win.ini ya ajiye a wata ɓoyayyar folda mai suna Sysbckup, kuma yana riƙe da na kwana biyar. Aikin farko da maigidana ya yarda in yi ba ya tsaye a kaina ke nan: in tayar da kwamfuta zuwa baƙin allon DOS, in rubuta scanreg /restore, jerin ranaku biyar su bayyana, in tambayi mai ita yaushe rabonta da lafiya, in zaɓa. Cikin 'yan mintoci sai ka ga mutum ya saki fuska. Maigidan nawa ne ya koya mini cewa tambayar "yaushe?" ta riga tambayar "me ya lalace?" a wannan aiki. A ɗaya reshen kuma, wato Windows NT da ake amfani da ita a manyan ofisoshi tun 1993, akwai abin da ake kira Last Known Good Configuration, wanda ke maida jerin direbobi yadda suke a shiga ta ƙarshe da ta yi nasara. Shi ma da zarar mutum ya sa kalmar sirri ya shiga, an maye gurbin tsohon.

Duk waɗannan rajista da saituna kawai suke karewa. Fayilolin shirye-shirye kansu, waɗanda wani sabon shiri kan zo ya danne da tsofaffin irinsu, babu mai tsaronsu.

A can ɗakunan bincike kuwa tunani ya riga ya yi nisa. A Bell Labs da ke Amurka, masu gina tsarin Plan 9, ciki har da Ken Thompson, sun sa babbar kwamfutar ajiyarsu tana daskarar da hoton duk fayilolinta kullum da ƙarfe biyar na asuba, ta yadda ma'aikaci zai shiga folda mai ɗauke da shekara da rana ya tarar da aikinsa yadda yake a ranar. A 1994 kuma, Dave Hitz da James Lau da Michael Malcolm na kamfanin Network Appliance suka bayyana tsarin ajiyarsu da ke ɗaukar hoton faifai nan take ba tare da kwafe komai ba. Amma waɗannan kaya ne na kamfanoni masu kuɗi. Cikin waɗanda suka fara kusanto da dabarar ga mai kwamfutar gida akwai wani shiri mai suna GoBack na kamfanin Wild File, a ƙarshen shekarun 1990. Yana lura da kowane rubutu da aka yi a faifai, yana adana abin da aka danne, har mutum ya iya cewa a maida shi ƙarfe goma na safiyar jiya. Ya yi ta sauya hannu, daga Adaptec zuwa Roxio, har Symantec ta saye shi a 2003. Jefi-jefi muke ganinsa a cikin kwamfutocin Gateway na gwanjo da ake kawowa daga Legas.

A watan Satumba na 2000 Microsoft ta fitar da Windows Me, kuma a cikinta System Restore, shirin da ke kafa zanguna don maida kwamfuta baya, ya fara bayyana. Windows Me ba ta yi farin jini ba, mutane da yawa sun koma 98 ko sun tsallaka zuwa 2000. Shi kansa sabon tsarin ya fito da aibi: zangunan komawa da aka kafa bayan 8 ga Satumba 2001 ba sa dawowa, saboda kuskure a lissafin kwanan wata, sai da kamfanin ya fitar da gyara. Duk da haka ban yarda da masu cewa ba ta bar komai ba. Ita ce ta fara sanya wa talakan mai kwamfuta wannan kariya a cikin babbar manhajar kanta, kyauta, a kunne tun daga ranar farko.

Windows XP, da ta fito 25 ga Oktoba 2001, ita ce ta raine shi. Ita ce kuma ta cika shagunanmu na titin Beirut da bizines santa da kafe-kafe shekara da shekaru, don haka a nan zan ɗan daɗe.

Akwai wani ɗan direba mai suna sr.sys da ke zaune tsakanin shirye-shirye da faifai. Yana da jerin irin fayilolin da aka ba shi tsaro, waɗanda ake ganewa da wutsiyar sunansu, irin su exe da dll da sys. Duk lokacin da wani shiri ya zo zai goge ko ya danne ɗaya daga cikinsu, sai direban ya riga shi, ya kwafi tsohon ya kai wata ɓoyayyar folda mai suna System Volume Information, ya raɗa masa sabon suna mai farawa da A da jerin lambobi, ya rubuta a kundinsa daga inda ya ɗauko shi. Kowane zango yana da foldarsa, RP1, RP2, RP3, haka dai, kuma a cikin kowace akwai cikakken kwafin rajista na lokacin da aka kafa shi. Ana kafa zango duk bayan awa 24 idan kwamfuta ta sami sarari babu mai taɓa ta, da kuma kafin a ɗora sabuntawa daga Microsoft, kafin a saka direban da ba shi da sa hannu, da kafin a ɗora yawancin manyan shirye-shirye. An ware masa har kashi 12 cikin ɗari na faifai, kuma zango kan kai kwana 90 kafin a share shi. In ka buɗe shirin sai kalanda ta bayyana, ranakun da ke da zango an rubuta su da kauri. Ko wanda bai iya Turanci sosai ba, in ka nuna masa sau ɗaya ya gane.

Yana da halayen da sai wanda ya zauna da shi ya sani. Ba ya taɓa abin da ke cikin My Documents, don haka wasiƙu da hotuna na nan yadda suke. Amma in ka sauko da wani shiri daga intanet ka ajiye a fuskar allo, sannan ka koma zangon makon jiya, shirin zai ɓace, domin wutsiyarsa na cikin jerin. Idan kuma sararin faifai ya yi ƙasa da megabait 50, sai ya dakatar da kansa ya zubar da duk zangunan, ba zai farfaɗo ba sai sarari ya kai megabait 200. Faifan lokacin ƙanana ne, matasa kuma suna cika su da finafinai da waƙoƙi, don haka sau da yawa mukan buɗe kalanda mu tarar babu rana ko ɗaya mai kauri.

Babban gibinsa shi ne sai Windows ta tashi, ko da a yanayin lallaɓawa na Safe Mode ne, kafin a iya kiransa. Cutar da ta fi damunmu a nan kuwa ita ce wadda ke hana tashin gaba ɗaya. Wuta ta ɗauke kwamfuta na tsakar rubuta rajista, babu UPS ko kuma batirinsa ya mutu tuntuni, da safe a kunna sai baƙin allo ya ce fayil ɗin \WINDOWS\SYSTEM32\CONFIG\SYSTEM ya ɓace ko ya lalace. Duk wanda ya yi gyara a wancan zamani ya haddace wannan layi. Microsoft ta wallafa hanyar magance shi a wata takarda mai lamba 307545, hanya mai tsawo: a tayar da kwamfuta da faifan CD, a ɗauko tsohuwar rajistar ranar da aka ɗora Windows daga foldar repair don ta samu ta miƙe, sannan a kutsa cikin System Volume Information a ɗauko fayiloli biyar na zangon kwanan nan, wato na system da software da sam da security da default, a sauya musu suna a maida su mazauninsu. Daga baya da muka sami faifan da ke tayar da kwamfuta da kansu, irin su ERD Commander da Hiren's, sai aikin ya taƙaita zuwa kwafe fayil biyar.

Wani dattijo ɗan kasuwar Kwari ya taɓa kawo mini tasa da wannan ciwo. Lissafin shagunansa na shekaru yana cikin wani shirin akanta da wani ya ɗora masa ya bar gari, babu faifan shirin, babu lambar lasisinsa.

"Injiniya," ya ce, "an ce mini sai an wanke ta gaba ɗaya. To in aka wanke, bashin mutane fa?"

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri a ba ni zuwa la'asar. Kada dai a bari kowa ya taɓa ta."

A cikin foldar akwai zango na kwana biyu kafin ɗaukewar wutar. Da ya dawo daga masallaci ya tarar da shirinsa a buɗe, sunayen abokan cinikinsa a jere. Bai tambaye ni yadda aka yi ba, ni ma ban yi dogon bayani ba. Abin da ya cece shi wani kwafi ne da kwamfutarsa ta yi da kanta wata rana yana can yana ciniki.

To me ya sa, duk da wannan, fomat ya zama al'adar kasuwarmu? Dalilan na gaske ne, bai kamata a raina su ba. Na farko bairos. Daga tsakiyar shekarun 2000 filashi ya maye gurbin fulofi, kuma kowane filashi da ya shiga kafe ko bizines santa ya fito da kaya: Brontok, Sality, daga baya Conficker a 2008, da ire-irensu masu ɓoye folda su bar gajeriyar hanya ta bogi. Tunda fayil ɗin bairos ma exe ne, System Restore kan adana shi da aminci kamar kowane fayil. Shirin kashe bairos ya hango shi a cikin System Volume Information, ya yi ta kuka, amma ba shi da ikon cire shi. Shawarar da kamfanonin maganin bairos suka riƙa bayarwa ita ce a kashe System Restore, a yi shara, sannan a sake kunna shi. Kashewar tana share duk zanguna. Sake kunnawar kuma ita ake mantawa. Wasu bairos ɗin ma da kansu suke kashe shi su ɓoye maɓallinsa. A haka sunansa ya ɓaci a bakin masu gyara, aka riƙa cewa maɓoyar bairos ce kuma mai cin sarari.

Na biyu, an sami wasu hanyoyi da suka fi dacewa da wuraren da jama'a ke turuwa. Masu kafe suka rungumi Deep Freeze, wanda ke zubar da duk abin da aka yi da zarar an sake kunna kwamfuta. Mu kuma muka rungumi Ghost, shirin da Murray Haszard ya ƙirƙira a New Zealand a tsakiyar shekarun 1990, wanda ke kwafe faifai sukutum ya zuba a wani. Da hoto ɗaya mai tsabta sai ka tayar da kwamfuta goma kafin azahar.

Na uku shi ne kuɗi. Fomat yana da farashi sananne, yana da lokaci sananne, kuma yaron da ya yi wata biyu a shago zai iya. Bincike kuwa yana cin tunani, wani lokacin ka ɓata yini ka dawo kan fomat ɗin, mai kaya kuma ba zai biya ka yinin ba. Na fahimci wannan sarai. Amma abin da ke damuna shi ne wanda ke biyan kuɗin sauƙin: mai kwamfuta, wanda ke komawa gida da inji mai sauri amma babu shirye-shiryensa, babu wasiƙunsa na Outlook Express, babu saitin firintarsa, wani lokaci har da kundin digirin da aka manta ba a kwashe ba. Yana godiya, domin bai san cewa akwai wata hanya ba.

Canji mafi girma a tarihin wannan al'ada ya zo da Windows Vista a Janairun 2007. Aka jingine dabarar bin fayil ɗaya-ɗaya, aka ɗora System Restore a kan abin da ake kira Volume Shadow Copy, wato inuwar faifai, wanda aka riga aka gwada a Windows Server 2003. Har yau a kansa ake, don haka ga yadda yake aiki.

Idan lokacin kafa zango ya yi, Windows kan sanar da sassan da ke riƙe da muhimman bayanai, kamar mai kula da rajista, cewa kowa ya kammala abin da ke hannunsa ya tsaya cak. Ba a yarda tsayuwar ta wuce daƙiƙa 60 ba. Sai a juye duk abin da ke jiran rubutu daga ƙwaƙwalwa zuwa faifai, a tare sabon rubutu na abin da bai wuce daƙiƙa 10 ba, a sa alama cewa daga nan zango ya fara, a saki kowa ya ci gaba. Mai kwamfuta bai ma lura ba. A wannan lokacin ba a kwafi komai ba, shi ya sa abin ke da sauri. Aikin na gaba ne. An kasa faifai gunduwa-gunduwa, kowace kilobait 16, kuma wani direba mai suna volsnap.sys na tsaye a ƙofa. Duk gunduwar da aka zo za a rubuta sabon abu a kanta karon farko bayan alamar, sai ya ɗauke tsohon abin da ke ciki ya kai ma'ajiya, sannan ya bari a rubuta. Kamar mai kanti ne da ya ƙudura cewa ba zai goge layi a littafin bashi ba sai ya fara juya tsohon layin a wata takarda da lambar shafinsa. Ranar da aka ce ya nuna yadda littafin yake ran Juma'ar da ta wuce, sai ya ɗauki littafin yau, duk shafin da ya taɓa gogewa ya maida abin da ke takardar, sauran kuma dama ba su sauya ba.

Daga wannan bayani abubuwa da dama ke fitowa waɗanda mutane ke mamaki. Girman zango ya danganta da yawan abin da ya sauya bayansa, don haka babbar sabuntawa guda kan cinye sararin da ya isa na makonni. Idan ma'ajiya ta cika, mafi tsufa ake fara zubarwa, ba tare da sanarwa ba. Vista ta ware kashi 15 cikin ɗari na faifai. Windows 7, ta 2009, ta rage shi zuwa kashi 5 ko gigabait 10, duk wanda ya fi ƙanƙanta, a faifan da ya haura gigabait 64, ta kuma maida zangon ƙa'ida zuwa duk bayan kwana bakwai idan babu wani da aka kafa a tsakani. Mafi muhimmanci, zango ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Rabinsa na ma'ajiya, rabinsa shi ne faifan da kake aiki da shi yanzu. In faifan ya mutu, sun mutu tare.

Alheri biyu suka zo da sabon tsarin. Na farko, an toshe gibin XP: ko Windows ta ƙi tashi, akwai wani ƙaramin ɗakin gyara da ake shiga a kira System Restore daga can. A kwamfutocin yanzu, in ta kasa tashi sau biyu a jere, da kanta take kai ka wurin. Na biyu kuma, tunda inuwar ta dukan faifai ce, takardun mutum ma suna ciki, ko da yake System Restore ba ya taɓa su idan yana maida kwamfuta baya. Sai aka buɗe wata taga mai suna Previous Versions, a manyan nau'o'in Vista da kuma duk nau'o'in Windows 7, inda za ka danna fayil ko folda ka ga yadda take a zangunan baya. A ganina Windows 7 ce ƙololuwar wannan tarihi. Har jerin shirye-shiryen da komawar za ta cire da waɗanda za ta dawo da su takan nuna maka kafin ka amince.

Wata ɗalibar digiri na biyu ta zo mini a rikice ana saura kwana kaɗan ta miƙa aikinta. Ta adana wani fayil a kan babi na huɗu, ya danne shi.

"Malam, don Allah ko rabinsa ne," ta ce.

Na ce, "Zauna, Malama. Yaushe kika ga babin cikakke?"

Ta ce ranar Lahadi. Akwai zango na daren Litinin da wata sabuntawa ta kafa, kuma babin na ciki, in ban da sakin layi biyu da ta ƙara daga baya. A makon kuma wani malamin makaranta ya kawo tasa da ta faɗo daga kan babur, faifan na ƙwanƙwasa. Ya ji labarin ɗalibar, ya zo da fata. Babu abin da zan iya yi masa, domin zangunansa na kan faifan da ya fashe. Tun daga lokacin, duk wanda na nuna wa System Restore sai na haɗa masa da cewa maganin rikicewar manhaja ne, ba ya maye gurbin kwafin takardu a wani faifai na dabam. A wannan fanni kamfanin Apple ya fi fayyace wa mutanensa hanya, domin Time Machine da ya fitar a Oktoban 2007 tun farko faifan waje yake nema, yana ajiye na kowace awa na yini guda, na kowace rana na wata guda, sannan na mako-mako. Masu Linux Mint ma sun sami Timeshift a cikin manhajarsu tun 2017.

Bayan Windows 7 sai abin ya fara ja baya. Windows 8 ta 2012 ta karkata ga sababbin hanyoyi biyu, Refresh da Reset, waɗanda a zahiri fomat ne da kwamfuta ke yi wa kanta. Ta taƙaita abin da inuwar ke kamawa zuwa fayilolin tsarin, ta yadda ba a dogara da ita wajen ceto takardu kamar da, ta kuma hana shirye-shirye kafa sabon zango idan an kafa wani cikin awa 24 da suka wuce. Windows 10 ta 2015 kuwa a kwamfutoci da yawa a kashe take zuwa da shi. Sannan daga fitowar Afrilun 2018 ta daina ajiye kwafin rajista a foldar RegBack, wadda masu gyara suka daɗe suna dogaro da ita. Foldar na nan, fayilolin na nan, amma babu komai a cikinsu. Sai a 2019 Microsoft ta bayyana cewa da gangan ne, don rage cin sarari, ta kuma ba da shawarar a yi amfani da zangon komawa. Wanda nasa ke kashe, shawarar ba ta amfane shi da komai. Na san dalilin: ƙananan kwamfutoci masu ma'ajiyar gigabait 32 ko 64 sun yawaita, kowane gigabait yana da daraja. Amma a ganina kuskure ne a cire kariya daga hannun wanda bai san tana nan ba, balle ya san an cire.

Ɓarayi ma sun gane darajar inuwar faifai. Lokacin da CryptoLocker ya ɓulla a 2013 yana kulle fayilolin mutane yana neman kuɗin fansa, wasu sun kuɓutar da kayansu daga inuwar faifai ba su biya ko sisi ba. Ba a daɗe ba masu irin wannan aika-aika suka ƙara layi ɗaya a shirinsu, umarnin vssadmin da ke share duk inuwar kafin ko bayan kullewa. WannaCry, wanda ya durƙusar da asibitoci a Ingila a Mayun 2017, yana ɗauke da shi.

A nan gida akwai ƙarin matsala. Kwamfutocin gwanjo da ke shigowa daga Ikeja yawanci an sake ɗora musu Windows a kasuwa, wani lokaci irin wadda aka rage wa kaya don ta yi sauri, kuma System Restore na cikin abin da ake fara yankewa. Don haka ƙa'idar shagona ita ce babu kwamfutar da za ta fita sai an buɗe System Protection, inda ake kunna System Restore, an duba. In a kashe yake a kunna, a ware masa abin da faifan zai iya ɗauka, a kafa zango na farko da hannu a rubuta masa kwanan wata, a kuma nuna wa mai ita cewa in ya rubuta rstrui zai ga jerin. Yaran kan ce, "Oga, ai ba su tambaya ba." Nakan ce musu ba za su tambayi abin da ba su sani ba. Haka in an kawo mai ciwo, kafin a ciro filashi sai an tambayi yaushe rabonta da lafiya, an duba ko akwai zango, an kuma duba lafiyar faifan kansa. Wani abin lura da nake nanata musu: komawar da aka yi daga cikin Windows tana da warwara, domin ana kafa zango kafin a fara, amma wadda aka yi daga Safe Mode ko ɗakin gyara ba ta da ita.

Zangon da nake kafawa ranar miƙa kaya ba ya daɗewa. Babbar sabuntawa ta shekara kan share zangunan baya, ta bar foldar Windows.old ta kwana goma kacal ga mai son komawa. Daga Yunin 2025 kuma Microsoft ta sanar cewa a Windows 11 nau'in 24H2 zango ba zai wuce kwana 60 ba. Saboda haka ga masu shaguna da ofisoshi da makarantu, waɗanda shirye-shiryensu ke da wuyar sake ɗorawa, na koma aikin da muke yi da Ghost a da: in ɗauki cikakken hoton faifai in zuba a wani faifan waje, in manna masa takarda da kwanan wata, in ce a ajiye shi a gida, a dawo da shi duk bayan wata uku a sabunta.